"Ba a Gama Gyara Ɗakin Ba": Nazarin Matsalar Wani Otal, 2019 Zuwa 2024

Otal ɗin da ake magana a kai mai matsakaicin girma ne, mallakar iyali ɗaya, ba reshen wani babban kamfani ba. Bene ne mai hawa huɗu a tsakiyar birni, da ɗakin cin abinci, da zauren taro biyu, da ɗakin wanki nasa na kansa a ƙasa. Ba a ambaci sunansa ba. An kuma daidaita alƙalumansa a kan ɗakuna 100, farashin kwana ɗaya na shekarar 2019 shi ma a kan 100, domin lissafin ya fito fili.

2019: yadda abubuwa suke kafin annoba

A dare na yau da kullum, ɗakuna 70 ne ke da baƙi. Akasarinsu ma'aikatan kamfanoni ne da masu halartar taro, su iso Litinin ko Talata su tafi Alhamis, don haka idan aka raba, kowane baƙo yana yin kwana biyu da rabi. Kashi ɗaya cikin uku na ɗakunan ne ake kamawa ta hannun dillalan intanet irin su Booking.com da Expedia, waɗanda la'adarsu ta saba kamawa daga kashi 15 zuwa 25 cikin ɗari na kuɗin ɗaki. Wannan otal yana biyan 15. Sauran baƙin kuwa ta waya suke kamawa, ko ta shafin otal ɗin, ko ta yarjejeniya da kamfanoninsu.

Ƙa'idar gidan irin ta yawancin otal-otal ce: mai tafiya ya bar ɗaki da sha biyun rana, mai isowa ya karɓi makulli da uku na yamma.

Sashen gyaran ɗakuna yana ƙarƙashin wata mata da ta haura shekara goma a wurin. Kullum mutum biyar ne ke bakin aiki, kowa da ɗakuna 14. Amma ɗaki da ɗaki ba ɗaya ba ne. Wanda baƙo ke ci gaba da zama a ciki minti 20 ya ishe shi: a gyara gado, a sauya tawul, a kwashe shara, a goge banɗaki. Wanda baƙo ya fita kuwa yana cin minti 35 a hannun gwana. Sai an yaye zanen gado da rigunan matashin kai, a duba katifa ko da tabo, a wanke banɗaki har magudanar ruwa inda gashi ke maƙalewa, a leƙa ƙarƙashin gado da cikin durowa ko an manta caja ko 'yan kunne, a gwada fitilu da rimot, sannan a shimfiɗa sabon zane. A 2019 baƙi 28 ne ke fita a rana, 42 su ci gaba da zama. Jimillar aikin minti 1,820 ke nan, daidai ƙarfin mutum biyar, idan aka lura cewa daga awa takwas na aiki wajen biyu suna tafiya a loda keken kaya, jiran lifta da hutun cin abinci.

Maris 2020 zuwa tsakiyar 2021: rufewa da sallama

A ranar 11 ga Maris 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar da ta game duniya. A wannan shekara tafiye-tafiye tsakanin ƙasashe sun ragu da fiye da kashi 70 cikin ɗari, kimanin biliyan ɗaya ke nan, bisa ƙididdigar hukumar yawon buɗe ido ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Ƙungiyar kamfanonin tafiye-tafiye da yawon buɗe ido ta duniya, WTTC, kuma ta ƙiyasta guraben aiki miliyan 62 da suka salwanta a harkar.

Otal ɗin ya rufe hawa uku, ya bar ɗaya. Da aka zo rage ma'aikata, girman albashi aka bi: a kowane sashe an fara da wanda ya fi ɗaukar kuɗi, wato wanda ya fi daɗewa. Shugabar sashen gyaran ɗakuna tana cikin waɗanda aka fara sallama, aka ɗora aikinta a kan mai kula da teburin karɓar baƙi.

An kuma daina sayen zannuwan gado da tawul. Abin da otal-otal suka saba shi ne su riƙe aƙalla saiti uku ga kowane gado: ɗaya a shimfiɗe, ɗaya a wanki, ɗaya a ajiye. Wanda ya yage aka yar, wanda ya yi tabo aka mayar tsumma, har adadin ya koma ƙasa da saiti biyu. Tunda hawa ɗaya kawai ke aiki, babu wanda ya ji a jikinsa.

Ƙarshen 2021 zuwa tsakiyar 2022: baƙi sun dawo, amma wasu ne daban

Da aka sassauta dokokin kulle, masu taro ba su dawo yadda suke ba, domin kamfanoni da yawa sun saba da taro ta bidiyo. Waɗanda suka fara cika gari masu yawon shaƙatawa ne na ƙarshen mako, su zo Juma'a ko Asabar su kwana ɗaya su wuce.

Masu otal ɗin suna da bashin banki a wuya, saboda haka suka ɗauki mataki biyu a lokaci guda. Sun rage farashi daga 100 zuwa 80. Sun kuma shiga tsarin da dillalan intanet ke ɗaga sunan otal zuwa saman jeri idan ya yarda da ƙarin la'ada, tasu ta koma kashi 20. Zuwa tsakiyar 2022 ɗakuna 85 ne ke cika a dare, adadin da ba a taɓa gani ba ko kafin annoba. Kashi biyu cikin uku na baƙin ta hannun dillalai suke zuwa, kuma zaman baƙo ya sauka zuwa kwana ɗaya da rabi.

An buga wa tsofaffin ma'aikata waya, kaɗan ne suka amsa kira. Wasu sun kama aiki a rumbunan ajiyar kaya, wasu a manyan kantuna, wasu a gidajen kula da tsofaffi, wuraren da mutum ya san ranar hutunsa tun farkon wata. Ba wannan otal kaɗai abin ya shafa ba. A Amurka mutum miliyan 4.5 ne suka ajiye aiki a watan Nuwamba na 2021 kaɗai, kuma harkar masauki da abinci ce kan gaba a yawan masu barin aiki. A wani jin ra'ayi da ƙungiyar masu otal ta ƙasar, AHLA, ta gudanar a kakar 2022, kashi 87 cikin ɗari sun ce suna fama da ƙarancin ma'aikata, mafi muni a sashen gyaran ɗakuna. Otal ɗinmu ya cike gurbin mutum biyar ɗin da sababbin hannu.

Ga yadda yammacin Asabar ya koma. Ƙarfe huɗu ta yi, akwatuna sun taru a gefen lifta, mutane sun cika kujerun zaure, wasu a tsaye. Mai karɓar baƙi tana duban kwamfuta, rabin ɗakunan da ya kamata ta bayar suna nan da jan launi, alamar ba a gyara ba. Ta ɗaga waya ta kira hawa na uku, babu mai ɗauka. Ta juyo ta ce, "Yallaɓai, don Allah ka yi haƙuri, ba a gama gyara ɗakin ba, minti goma kawai." Minti goman nan yakan zama awa guda. A can sama kuwa, ma'aikaciya ta wanke banɗaki ta share ko'ina, tana tsaye gaban katifa tsirara tana jiran zanen da ke cikin injin busarwa. Abokiyar aikinta ta bi lambobin ƙofa a jere, ta gama ɗakin mutumin da jirginsa sai tsakar dare zai sauka, alhali mai ɗakin da ke kusa da shi yana ƙasa da yara biyu suna kuka.

Sharhin baƙi a TripAdvisor, shafin da matafiya ke ba otal-otal maki, da shafukan dillalai ya cika da magana iri biyu: jira, da gashi a banɗaki. Makin otal ɗin ya sauka da fiye da rabin tauraro a ma'aunin taurari biyar. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a aljihu. Binciken da Chris Anderson na Jami'ar Cornell ya fitar a 2012 ya nuna cewa otal ɗin da makinsa ya ƙaru da ɗaya a irin wannan ma'auni zai iya ƙara farashi da kashi 11.2 cikin ɗari ba tare da ya rasa baƙi ba.

Rabin ƙarshe na 2022: abubuwan da aka gwada

Tunda a intanet aka fara ganin ɓarnar, can aka fara kai ɗauki. An ɗora wa ma'aikaci guda aikin amsa kowane ƙorafi da ban haƙuri, aka kuma ce a riƙa ba wanda ya jira abin sha kyauta ko rangwame. Sharhin bai sauya ba, sai dai ya samu ƙarin jimla: sun ba da haƙuri, amma mun jira awa biyu.

Daga nan aka ɗaga rabon kowace ma'aikaciya daga ɗakuna 14 zuwa 18. A takarda lissafin ya yi daidai, biyar sau 18 ya ba da 90, ya rufe 85 har da rara. Cikin 'yan makonni ciwon baya da na kafaɗa suka yawaita, ana wayar gari a tarar mutum ɗaya ko biyu ba su zo ba, waɗanda suka zo su ɗauki nasu kason su ƙara a kan 18. Biyu daga cikin ukun da suka fara ƙwarewa suka ajiye aiki.

Sai aka koma ga kamfanin da ke turo ma'aikatan wucin gadi. Kuɗinsu na awa ya fi na 'yan gida, kuma yau wannan fuska gobe wata. Wadda ba ta san inda ake ajiye tawul a hawa na biyu ba, ba ta san wace ƙofa ce ke cije makulli ba, ɗakin da aka fita yana cin mata minti 45 ko fiye. Babu mai bin baya ya duba, saboda haka baƙo ne ke gano abin da aka tsallake.

An kwaikwayi abin da kamfanin Hilton ya yi a 2021 a yawancin otal-otal ɗinsa na Amurka, wato a daina gyara ɗakin mai zama kullum sai in ya nema. A nan tasirinsa kaɗan ne, domin masu zama 28 ne kawai. Ɗakin da ya kwana uku ba a taɓa ba kuma, ranar fita yakan ci kusan awa ɗaya, ga kiran neman tawul da dare lokacin da ma'aikaci ɗaya ne a gidan.

Mafi tsada shi ne na'urar karɓar makulli da aka kafa a zaure, wadda baƙo zai latsa lambarsa ta fito masa da kati ba sai ya bi layi ba. Na'urar tana aiki lafiya lau. Sai dai ba ta ba da katin ɗakin da ba a gyara ba, don haka baƙo ya bi layinta, ta ƙi shi, ya dawo ya bi layin tebur. An gudu ba a tsira ba.

Janairu 2023: lissafin akanta da mako biyu na awo

Da aka rufe littafin 2022, akanta ya kawo lissafi mai sauƙi. A 2019, bayan cire la'ada, ɗaki yana kawo 95, sau 70 ya ba da 6,650 a dare. A 2022 ɗaki yana kawo kusan 69, sau 85 ya ba da kimanin 5,900. Wannan tun ba a cire ƙarin kuɗin wanki, ruwa, wuta, rangwamen ban haƙuri da na ma'aikatan wucin gadi ba.

Manajan ya nemi tsohuwar shugabar sashen, wadda a lokacin take aiki a wani wuri. Ta zo, aka fara zancen albashi, sai ta katse shi: "Ranka ya daɗe, kafin mu kai ga kuɗi, ɗaki nawa ake fita ranar Lahadi?" Babu wanda ke da amsa a ɗakin. Rahoton da ake kai wa manaja kowace safiya yana nuna ɗakunan da suka cika, da farashi, da kuɗin da ya shigo. Adadin masu fita yana cikin kwamfuta, amma ba a taɓa sa shi a rahoton ba.

Ta yarda ta dawo da sharaɗin a ba ta mako biyu ta auna kafin a sake taɓa komai. An rubuta lokacin da kowane baƙo ya fita, lokacin da aka shiga ɗakin, lokacin da aka gama, lokacin da tebur ya samu labari, da lokacin da sabon baƙo ya iso. Abin da ya fito ke nan. Masu fita sun kai 57 a rana, ninki biyu na 28 ɗin da, alhali yawan baƙi kashi ɗaya cikin biyar kawai ya ƙaru. Ɗakuna 57 a minti 45 sun kama minti 2,565. Idan aka raba wa mutum biyar, awa takwas da rabi ke nan kowa, ba hutu, kuma ba a taɓa ɗakin mai zama ko ɗaya ba. Ko da duk baƙin sun fita da tara na safe, sai biyar da rabi za a gama. Tsakanin sha biyu da uku kuwa, ƙwararriya ɗakuna biyar take iya yi, sabuwa huɗu.

Awon ya tono wasu abubuwa biyu. A ranakun cunkoso, aiki yana tsayawa cik kusan awa guda da rana saboda zannuwa sun ƙare. Sannan ɗaki yakan yi rabin awa a gyare tebur bai sani ba, domin ma'aikaciya sai ta gama layinta take saukowa ta faɗa.

Fabrairu zuwa Disamba 2023: abin da aka sauya

Zannuwa aka fara saya, aka mayar da su saiti uku. Shi ne mataki mafi arha, kuma a makon farko aka ga bambancinsa.

An daina raba aiki da ƙidayar ɗaki, aka koma ƙidayar minti: ɗakin fita 35, na zama 20, babban ɗaki mai falo 50, kowace ma'aikaciya minti 360 a rana. Tunda kwamfuta ta san masu fita tun kafin ranar, ana tsara jadawali a kai: Lahadi mutum bakwai ko takwas, Talata huɗu. Ana liƙa jadawalin mako biyu kafin lokaci, kuma ba a sauya ranar hutun kowa sai da yardarsa. Ma'aikatan da aka tambaya daga baya me ya sa suka zauna, wannan suka fi ambata, fiye ma da ƙarin albashin da aka yi musu a watan Afrilu.

An rage dogaro da 'yan wucin gadi, aka ɗauki na dindindin. Sabuwa tana yin mako biyu tare da tsohuwar hannu kafin a ba ta makulli ita kaɗai, kuma duk ɗakin da ta gyara sai an duba. An gwada sa mutum biyu a ɗaki ɗaya kullum, aka ga a ranakun da ba cunkoso hira ce ke ƙaruwa, sai aka bar shi ga Lahadi kawai.

Tebur da sashen gyara suna haɗuwa minti goma kowace safiya. Ana tura wa baƙo saƙo kwana ɗaya kafin isowarsa a tambaye shi ƙarfe nawa zai zo, sai a jera ɗakuna bisa lokacin isowa maimakon lambar ƙofa. Da ta gama ɗaki, ma'aikaciya ta latsa a manhajar waya, nan take ya koma kore a tebur. An kuma ba masu karɓar baƙi ikon mayar da mutum ɗakin da ya fi nasa tsada idan shi ne a gyare, ba tare da sun nemi manaja ba. Ikon bai kai na otal-otal ɗin alfarma na Ritz-Carlton ba, inda aka san ma'aikaci na iya kashe har dala 2,000 don warware matsalar baƙo, amma ya wadatar.

Matakin da ya fi jawo gardama shi ne na ciniki. An fice daga tsarin ƙarin la'ada, aka mayar da farashi 100 a hankali cikin wata huɗu, aka kuma ce daren Asabar a lokacin cunkoso ba a sayar da shi shi kaɗai, sai an haɗa da Juma'a ko Lahadi. A Maris da Afrilu ɗakunan da ke cika suka faɗo 68. Mai otal ɗin ya kira taro yana so a koma yadda ake. Akanta ya nuna masa cewa 68 a sabon farashi sun fi 85 na bara kawo kuɗi, ya haƙura ya ba da wata uku. A daidai wannan lokaci, ranar 5 ga Mayu 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matsayin gaggawa na korona, tarurruka kuma suka fara dawowa, aka sake ƙulla yarjejeniya da wasu kamfanoni na da.

Ƙoƙarin jawo baƙi su kama ɗaki kai tsaye ta shafin otal bai yi nisa ba. Na'urar makulli kuwa an bar ta ga masu isowa cikin dare.

2024: inda aka tsaya

Ɗakuna 76 ke cika a dare, baƙo yana yin kusan kwana biyu. Masu fita 38, masu zama 38, aikin minti 2,090, ƙarfin mutum shida. Rabin baƙi ta dillalai suke zuwa a la'adar kashi 15, don haka ɗaki yana kawo 92.5, jimilla kimanin 7,000 a dare. Kuɗin ma'aikata ya ƙaru sosai, saboda haka ribar ta dawo kusa da ta 2019, ba ta wuce ta ba. Jiran ɗaki bayan ƙarfe uku ya koma abin da ake gani jifa-jifa. Makin sharhi ya farfaɗo amma bai kai na da ba, domin tsofaffin ƙorafe-ƙorafe suna nan a shafukan ana karantawa.

Hukunci

Sallamar 2020 ba abin zargi ba ce a kan kanta, otal babu baƙi ba zai iya riƙe kowa ba. Inda aka yi kuskure shi ne ma'aunin da aka bi. Albashin shugabar sashen da aka yi tsiminsa bai kai kuɗin na'urar makulli da rangwamen ban haƙuri ba, kuma da tafiyarta aka rasa mutum ɗaya tilo da ke kallon aikin gidan da minti.

Rage farashi kuwa ya yi abin da aka ce ya yi, ya kawo mutane. Sai dai ya sauya irin mutanen, kuma rahoton safe ba ya iya nuna wannan, tunda a wurinsa mai kwana ɗaya da mai kwana uku duk ɗaki ne da ya cika. Duk abin da aka gwada a 2022 ya faɗi ne ta hanya ɗaya: babu wanda ya rage adadin masu fita, ko ya rage mintin da ɗaki ke ci, ko ya ƙara ƙwararrun hannu tsakanin sha biyu da uku. Ɗaga rabo zuwa 18 shi ne mafi muni, domin ya kori 'yan kaɗan ɗin da suka fara iya aikin. Matakan 2023 kuma kowannensu ya taɓa ɗaya daga cikin ukun nan.

Ba daidai ba ne a ba sabon tsarin yabon gaba ɗaya. Dawowar masu taro ta tsawaita zaman baƙi ba da dabarar kowa ba, kuma da ba su dawo a tsakiyar 2023 ba, da wuya mai otal ɗin ya jure wata ukun da ya bayar. Dokar daren Asabar ma tana aiki ne muddin gari na cike. Idan kasuwa ta yi sanyi, masu kwana ɗaya za a sake nema, masu fita kuma su sake yawa. Sannan tsara jadawali da horar da sababbi har yanzu a hannun mace ɗaya suke, wadda ta kusa ritaya, kuma har ƙarshen 2024 ba a amince da kuɗin ɗaukar mata mataimakiya ba.